Ina gudu sosai amma ban saba da keken dutse ba: zan iya shiga XTERRA nan da wata biyar?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Cape Town, Afirka ta Kudu, ya aiko da tambaya. Shekarunsa 34, yana gama gudun kilomita 21 cikin ƙasa da awa biyu, yana da keken titi, ninkaya kuwa mita 200 yake yi ya kama bango ya huta. Abokan aikinsa sun zuga shi ya yi rajistar gasar XTERRA, wato tseren haɗa ninkaya da keken dutse da gudu a daji, wadda ake yi a garin Grabouw kusa da Cape Town, saura wata biyar. Gasar iri biyu ce, mai dogon zango da mai gajere. Yana son sanin ko ya shiga babbar ko ƙaramar, wane keke zai saya, yadda zai raba lokacin atisaye, da yadda zai yi da hutun Disamba da zai je gida Kano, da kuma azumi.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya in sha Allah, amma bari in ɗan rage maka zumuɗi tun da wuri: gudun nan da kake taƙama da shi shi ne abu na ƙarshe da zai yi maka amfani a ranar. Kafin ka kai gare shi sai ka fita daga ruwa lafiya, sannan ka shafe awa biyu ko fiye a kan keke cikin duwatsu da yashi. Masu gudun titi da ke zuwa wurina neman horo kusan bakinsu ɗaya, kowa cewa yake numfashinsa na da ƙarfi, sauran mai sauƙi ne. Ƙarfin numfashi kuwa ba ya riƙe maka kan keke a gangare.

Wasan haɗa ninkaya da keke da gudu an fara shi ne a San Diego ta Amurka a 1974, ya shiga gasar Olamfik a Sydney a 2000 da mita 1,500 a ruwa, kilomita 40 a keke, kilomita 10 a ƙasa, keken da gudun duk a kan kwalta. Na daji, wato XTERRA, ƙaninsa ne. An fara shi a tsibirin Maui na Hawai a 1996, kuma ma'auninsa na yau da kullum shi ne mita 1,500 a ruwa, kusan kilomita 30 a keken dutse, sai gudun kusan kilomita 10 a turbar daji. Kada raguwar kilomita goman nan ta ruɗe ka. Mutumin da ke cinye kilomita 40 na kwalta cikin awa ɗaya da kwata yana iya kwashe awa biyu da rabi a 30 na daji. A irin wannan gasa ƙwararrun maza kan gama komai cikin kusan awa biyu da rabi, mu da muke yi don sha'awa kuwa tsakanin awa uku da rabi ne zuwa biyar.

Yanzu yi lissafi da ni. Ka ɗauka za ka gama cikin awa huɗu da 'yan mintuna: minti 35 a ruwa, awa biyu da kwata a keke, awa ɗaya da kwata a gudu, sauran a wurin sauya kaya. Idan ka wahala ka rage daƙiƙa goma a kowace mita 100 ta ninkaya, kuma wannan aiki ne na watanni, minti biyu da rabi kawai ka samu. Idan ka ƙara gogewa a gudu, wataƙila ka rage minti uku ko huɗu, tunda dama ka iya. Amma wanda ya koyi sauka gangare ba tare da ya danne birki tun daga sama ba, ya koyi shan kwana, ya daina sauka yana tura keke a kowane ɗan tudu, wannan minti 15 zuwa 20 zai rage, kuma ya iso wurin gudu da sauran ƙarfi a cinyarsa. Tarihin gasar ma haka ya nuna. Ruben Ruzafa na Sifaniya, wanda ya ci kofin duniya a 2008 da 2013 da 2014, daga tseren keken dutse ya fito, sau da yawa a baya yake fita daga ruwa ya zo ya wuce kowa a kan keke. Conrad Stoltz, ɗan ƙasar da kake zaune, ya ci sau huɗu, a 2001 da 2002 da 2007 da 2010, kuma abin da aka san shi da shi shi ne rashin tsoron gangare.

Duk da haka da ruwa za ka fara, domin shi ne zai yanke hukunci a kan babba ko ƙarama. Keke in ya fi ƙarfinka sauka za ka yi ka tura. Ruwa ba a sauka.

Mutumin da ke gudun kilomita 21 amma yake haki bayan mita 200 a ruwa ba ƙarfi ya rasa ba. Abu biyu ne kusan kullum: yana riƙe numfashi idan fuskarsa na cikin ruwa maimakon ya riƙa fitar da shi a hankali, sannan yana ɗaga kai gaba don ya shaƙi iska, ƙafafunsa su nutse, ya koma yana jan jikinsa a tsaye. Wannan ba a gyara shi da naci, sai wani ya tsaya a bakin ruwa yana kallonka. Ka biya koci na darasi biyar ko shida, shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk hidimar nan. Ka shiga ruwa sau uku a mako, minti 30 zuwa 40, ya fi ka je sau ɗaya ka yi awa biyu. Wurin ninkaya na Sea Point mai tsawon mita 50 ya dace da kai, don bango ba ya zuwa da wuri.

Ga sharaɗina. Idan ya rage mako takwas, ka gwada mita 1,500 ba tsayawa, ba kama bango don hutu, kuma a ce ka riga ka shiga buɗaɗɗen ruwa ka yi mita 1,000 ba sau ɗaya ba, tare da mutane. In ka cika wannan, shiga babbar. In ba ka cika ba, ƙaramar ce taka, ninkayarta 'yan ɗaruruwan mitoci ne, keken da gudun ma ba su kai rabin na babbar ba ko kusan haka. Abokan aiki za su yi maka tsiya kwana biyu su manta.

Ana yin ninkayar Grabouw a dam ɗin Eikenhof. Ruwan duwatsun yankin launin shayi gare shi saboda tsirran da yake ratsowa, ruwa ne mai kyau amma da kyar za ka ga hannunka a ciki. Babu layin da za ka bi a ƙasa, sai ka riƙa ɗaga ido kaɗan bayan kowane jan hannu shida zuwa goma ka nemi balan-balan ɗin alama, ko mafi sauƙi ka nemi wata bishiya ko ƙololuwar dutse da ke bayansa. Ka je dam ɗin Silvermine da ke nan Cape Town ka saba da irin wannan duhun, amma kada ka taɓa shiga kai kaɗai. Mita 200 na farko a ranar gasa su ne masu firgitarwa: ƙafar wani a fuskarka, hannun wani a bayanka, ƙirjinka ya ɗaure. Ka tsaya can gefe a baya, in an busa ka ƙirga goma kafin ka shiga. Idan tsoro ya taso maka, juya rigingine ka kalli sama ka yi numfashi. Dokar hukumar wasan ta duniya ta yarda ka kama balan-balan ko kwale-kwalen da ke tsaye ka huta, muddin bai ja ka gaba ba. Rigar roba ta ninkaya tana ɗaga mutum sama sosai, sai dai kada ka dogara da ita: a dokar hukumar, ga masu irin matsayinmu a nisan mita 1,500, ana hana ta idan ɗumin ruwa ya kai digiri 22, ana wajabta ta idan bai kai 16 ba. Gasar kuwa a farkon shekara ake yin ta, tsakiyar zafinsu.

To, keke. Na titin nan naka ajiye shi don hawan safiya na tsakiyar mako, ba zai shiga gasar ba. Abin da kake buƙata keken dutse ne mai taya inci 29, mai shokazoba a gaba, mai birkin faifai na mai. Mai shokazoba gaba da baya ya fi daɗi a duwatsun Grabouw, ba musu, amma ya fi tsada da wahalar gyara, kuma na hannu mai kyau wanda ya yi daidai da tsawonka ya fi sabo mai arha. In akwai rarar kuɗi, sa sirdin da ke sauka da tashi da maɓalli a hannu. Ga sabon shiga ya fi firem mara nauyi amfani nesa ba kusa ba. Ranar da ka karɓi keken, abu na farko ka tabbatar wane hannu ne birkin gaba, don ba duk kekuna ake haɗa su iri ɗaya ba, kuma a gangare ba a son a gano haka.

Tayoyi su zama marasa tif, masu ruwan liƙi a ciki, domin ƙaya da ƙananan huji su toshe kansu kana tafiya. Iskar kuma ita ce inda masu keken titi suka fi kuskure. Ka saba da psi 80 ko 90 a ma'aunin iskar taya, a nan mai nauyin kilo 75 a taya mai faɗin inci 2.3 yana farawa ne daga kusan 22 a gaba, 25 a baya. Taya mai tauri tsalle take yi a kan dutse, ta zame a kwana. In ka ji ƙarfen wili yana bugun dutse ka ƙara kaɗan. Feda kuma, ni dai ban ga dalilin da zai sa mai wata biyar ya fara da mai maƙale takalmi ba. Shimfiɗaɗɗiya mai 'yan haƙora ta ishe ka, za ka iya sa ƙafa ƙasa duk lokacin da ka so, kuma da takalmin gudunka za ka hau, ka rage sauyi ɗaya. Wasu masu horarwa ba za su yarda da ni ba a nan, suna da hujjarsu a hawan tudu.

A hanyar Grabouw akwai gangaren duwatsu da suke kira Rock Garden, shi ne wanda kowa ke ba da labarinsa. Ga yadda ake shiga irin wannan wuri. Tun kafin ka iso ka rage gudu, ka sauke sirdi, ka miƙe a kan feda, ƙafafu biyu a daidai da juna, dugadugai sun ɗan yi ƙasa. Gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, nauyinka a ƙafa yake ba a hannu ba, yatsa ɗaya tak a kan kowane birki. Idonka ya tafi mita huɗu ko biyar gaba, wurin da kake son taya ta bi. Dutsen da ka zuba wa ido shi za ka daka, wannan ba ya tashi. Ka bar keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. Abin da hankali ba ya so ya karɓa shi ne cewa ɗan gudu ya fi rarrafe aminci, domin tayar da ke tafiya tana haye dutse, wadda ta kusa tsayawa kuwa cijewa take yi ta wurga ka ta saman kan keke. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke da gaske, amma a miƙaƙƙen wuri ake matsa shi, ba a tsakiyar kwana ko a kan dutse ba. A yashi kuma akasin haka ne: giya mai sauƙi, nauyi ya ɗan koma baya, kada ka daina juya feda, kada ka murɗa kan keke da ƙarfi.

Wannan duk ba ya shiga jiki da karatu. Ka je turbobin keke na Tokai a Cape Town ko na Jonkershoek da ke Stellenbosch, ana biyan kuɗin izinin shiga, ka sami ɗan guntun wuri mai wuya ka maimaita shi sau goma, kana sauka kana komawa sama. Awa ɗaya a haka ta fi awa uku a faffaɗar hanyar mota. Ka bi wanda ya fi ka a baya ka ga inda yake sa tayarsa. Idan masu gasar sun buɗe hanya kafin ranar, kada ka bari ta wuce ka, gani ya kori ji. Wurin da ka kasa haye shi sau uku a atisaye, ka yanke shawara tun a gida cewa sauka za ka yi ranar gasa. Tura keke halal ne a dokar wasan, sai dai ka matsa gefe, mai tafiya a kan keke shi ke da hanya. In ka ji na baya ya yi magana yana son wucewa a siririyar turba, ka ba shi wuri inda ya yi maka daidai, ba inda ya matsa maka ba.

Gyara ma a kanka yake. 'Yan kallo ba su da izinin taimaka maka. Ka ɗauki tif guda na ko-ta-kwana, ƙaramin famfo, zaren roba mai danƙo na toshe babban huji, alanki, da mahaɗin cen. Ka zauna a tsakar gida ka cire taya ka mayar, ka tsinka tsohon cen ka haɗa, har hannunka ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gudu ba zan daɗe a kansa ba tunda naka ne. Ka mayar da shi kan turba maimakon kwalta, don idon sawu ya saba da karkacewa. Ka manta da lissafin minti nawa a kilomita, agogon zai ɓata maka rai kawai. Tudun da ya miƙe sosai taka shi za ka yi da hannu a kan gwiwa, ƙwararru ma suna yi. Abu ɗaya da ba ka sani ba tukuna shi ne yadda ƙafa take ji bayan awa biyu a keke, don haka duk ranar doguwar tafiya, da ka sauka ka yi gudun minti 15 zuwa 20 nan take.

Mako mai kyau a gare ka awa bakwai ne zuwa tara: ruwa sau uku, keke sau uku, ɗaya doguwa a daji ranar hutu, ɗaya ta koyon dabara, ɗaya a titi don ƙarfi, gudu sau biyu kacal. Na san rage gudun zai yi maka ciwo, amma ba zai gudu ya bar ka ba. Kowane mako na huɗu ka sassauta, kwana goman ƙarshe kuma ka rage sosai.

Abinci a kan keke ake cinsa, domin a ruwa ba dama, a gudu kuma ciki ba ya karɓa sosai. Ka nufi kusan giram 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, da ruwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita mai ɗan gishiri idan ana zafi. Ba dole sai kayan leda masu tsada ba, sukarin da ke cikin giram 100 na dabino ya haura giram 60, ka cire ƙwallayen tun a gida. Matsalar daji ita ce hannu ba ya samun sukuni, sai ka ga awa ta wuce ba ka sa komai a baki ba. Shi ya sa na fi son jakar ruwa ta goyo mai tiyo a kan gora, wadda ma takan fice ta faɗi a wurin duwatsu. Tun kana zagayen hanya ka lura da faffaɗan wurare, nan ne wurin cin abincinka.

A wurin sauya kaya doka ɗaya ce take kama sababbi: hular kwano a ɗaure kafin ka taɓa keke, kuma ba a kwance ta sai ka mayar da shi mazauninsa. Ba a hawa sai an wuce layin da aka zana. Ba a tuɓewa tsirara a wurin, ba a kuma tafiya ƙirji a buɗe, don haka kaya ɗaya ake sawa tun daga ruwa har ƙarshe. In matsattsen wandon bai kwanta maka ba, ɗora gajeren wando mai kai gwiwa a kai, masu keken dutse da yawa haka suke yi. Ka duba takardar gasar don sanin lokacin da ake rufe kowane mataki, da batun lasisin kwana ɗaya na hukumar wasan ta ƙasa.

Batun Kano, roƙona ɗaya ne: kada ka shiga dam ko kududdufi ko magudanar noman rani da sunan atisaye. Tsargiya ta fata take shiga, ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fitowa, kuma ba sai ka sha ruwan ba. Ka nemi wurin ninkaya na otal da ake sa wa magani. Sauran kuwa garin zai yi maka amfani. Ari kowane irin keke ka bi turbobin ƙauye masu rairayi, darasin yashi ne kyauta. Matakalar Dala ma ta isa atisayen tudu. In hazo ya yi kauri ka sassauta.

Da azumi, atisaye mara nauyi kafin shan ruwa da kamar awa ɗaya, mai nauyin kuma bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. Gangaren duwatsu da la'asar, ga ƙishirwa ga hankali ya ragu, ban yarda da shi ba. Idan ranar gasar kanta ta faɗo cikin watan, ta fuskar lafiya ba zan ba kowa shawarar awa huɗu cikin rana ba ruwa ba. Hukuncin addini na malamai ne, ni dai nawa shi ne ka nemi wata gasar a wani watan.

Za ka ji ana maganar gurbin zuwa gasar duniya, wadda aka yi ta yi a Maui har 2021 kafin a kai ta Molveno a arewacin Italiya a 2022. Gaskiya ne 'yan sha'awa na samun gurbi, kuma hanya ɗaya suke bi da irin su Flora Duffy ta Bermuda mai kofi shida. Ana raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar, ana lissafi da shekarunka a ranar 31 ga Disamba na shekarar gasar, wato in za ka cika 35 a cikinta, rukunin 35 zuwa 39 za ka faɗa, kuma cike yake da mutanen da suka yi shekaru goma suna hawan duwatsun nan. Wannan ba lissafin bana ba ne.

Nan da mako shida ka aiko min da abu biyu: mita nawa kake yi a ruwa ba tsayawa, da sau nawa kake sa ƙafa ƙasa a zagaye ɗaya na turbar da ka zaɓa a Tokai. Da su za mu tsara sauran makonnin.